Ɗalibin Galiya na Farko

Duk unguwar Asala babu wanda zai ce Ayid bai san teku ba, sai dai in rigima yake nema. Tun bai yi gemu ba yake kurme a bakin duwatsun murjani na tekun garin Dahab, daga shi sai gajeren wando da ƙugiyar ƙarfe. Zai cika ƙirji da iska ya nutse, ya zaƙulo aktabut daga raminta, wannan halittar mai hannu takwas, ya taso yana murmushi alhali masu jiransa a kan dutse sun fara salati. Shekaru sun ja, gemu ya yi fari, an hana kamun a wurare da yawa, amma har yau in aka zauna shan shayi aka taɓo zancen riƙe numfashi, sunansa ake fara kira. Shi ma dai bai taɓa hana a kira ba.

To, wannan mutumin ne 'yarsa ta zaunar a kan benci da safe, ta ɗauko balan-balan irin na yara ta ce za ta koya masa numfashi.

Galiya ce autarsa, ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta, yayyenta maza duk suna birnin Sharm suna tuƙa baƙi a mota. Shi ya koya mata ruwa tun tana 'yar mitsitsiya, da mutane suka fara ƙananan maganganu wai me ya haɗa 'ya mace da teku, sai ya toshe kunnensa. Bai san abin zai yi nisa ba. Ta girma ta shiga nutson zamani, na masu goya tukunyar iska a baya, ta yi ta hawa mataki har ta samo takardar koyarwa. A Dahab shagon nutso ɗaya ne ya ce zai duba ta, na Kyaftin Midhat, wani mutumin Iskandariyya mai sanƙo wanda ba ya dariya sai an tashi aiki. Shi kuma yana da tsarinsa: ba ya ɗaukar malami sai ya bi shi ƙarƙashin ruwa ya ga yadda zai yi da ɗanyen ɗalibi, wanda bai taɓa sa robar shaƙa a baki ba. In bai ɗauke ta ba, akwai wani shago a Marsa Alam da ke jiranta, can kudu, tafiyar da sai an kwana a mota. Ayid bai ce mata kada ta je ba. Amma tun ranar da ta ambaci sunan garin yake jin gidan ya yi masa faɗi, yana tsoron ranar da zai dafa shayi ya zuba kofi ɗaya.

Ɗalibin da aka tanada don gwajin, wani Bajamushe, ya ci abin da bai karɓe shi ba ya kwanta. Ayid da ya rako ta shagon yana jin haka ya ce ai ga shi. Kyaftin Midhat ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko ya taɓa goya tukunya, ya ce Allah ya kiyaye, shi da huhunsa yake shiga. Kyaftin ya daɗe yana shafa sanƙonsa, sannan ya ce ya amince. Galiya ce fuskarta ta canja, ta ce ai gara a jira Bajamushen ya warke. Wannan ya ɗaure wa Ayid kai. A lissafinsa, taimako ya kawo mata har gida: ina za ta sami ɗalibi mai sauƙi kamarsa? Duk abin da ta nuna zai yi shi tsaf tun kafin ta sauke hannu, Kyaftin ya ce wannan malama ta iya koyarwa, shi ke nan Marsa Alam ta nemi wata. Sai ya ɗauka kunya ce kawai ta 'ya da uba, ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Yanzu ga shi a kan benci, ga balan-balan.

"Baba, doka ɗaya ce ta fi duk sauran," in ji ta. "Kada ka riƙe numfashi. Ko sau ɗaya. In robar ta fita daga bakinka, ka riƙa cewa aaa, iska tana fita kaɗan-kaɗan, har robar ta dawo."

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya ce shi fa tun kafin a haifi Kyaftin ɗinta yake riƙe numfashi a wannan ruwan, ga shi zaune da ransa.

"Waccan iskar daga sama ka sauka da ita. Ruwa ya matse ta, in ka taso ta koma yadda take, ba ta ƙaru ba. Ta tukunya kuwa a ƙasa za ka shaƙe ta, a matse. In ka rufe baki ka taso, sai ta yi ta kumbura a ƙirjinka."

Ta sa balan-balan ɗin a baki ta yi ta hurawa har ya fashe. Kyanwar shagon ta ruga ƙarƙashin tebur. Ayid ya gyaɗa kai kamar ya gane, amma a zuciyarsa abin bai zauna ba. Ta yaya iskar da mutum ya shaƙa da bakinsa za ta ƙaru a cikinsa ba tare da ya ƙara ba? Kuma shi abin da ya sani, wanda ubansa ya koya masa shi ma ya koyar, shi ne duk ƙwayar iskar da ta kuɓuce maka a ƙasa, ranka ne ya ragu. Da Galiya tana ƙarama, in ya ga kumfa na fita daga bakinta, ƙwanƙwasa mata kai yake da yatsa in sun taso. Yau ita ce ke cewa ya zubar da iska da gangan, yana aaa kamar wanda likita ke duba wa maƙogwaro. Ya ce to, don Kyaftin yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare.

Kayan ma wani sabon ruɗani ne. Aka cusa shi cikin rigar roba da ta kama shi ko'ina har yana jin kunyar cikinsa. Aka ɗaura masa ɗamarar darma wai don ya nutse, aka kuma sa masa falmaran mai hura iska wai don kada ya nutse. Ya tambaya wanne ake so a ciki, Galiya ta ce duka biyun. Aka ɗora masa tukunya, bututai suna reto ta kowane gefe, wannan na shaƙa, wannan na agaji, wannan na agogon auna iska. Mutumin da ke shiga teku da wando ɗaya, yau sai da aka kama masa hannu kafin ya miƙe.

Hanyar shiga ruwan kuma ta gaban teburin mai shayi ta bi, inda abokinsa Atiya yake zaune tun safe kamar kullum, ba aikin fari balle na baƙi. Atiya ya ajiye kofinsa ya ƙare masa kallo.

"Ayid, kai ne a ciki, ko raƙumi aka yi wa lodi? Ina huhun da ake ba mu labari? Ashe a tukunya kake ajiye shi."

"Sha shayinka, tsoho. Kai da ko a kwano ba ka iya nutso."

"Galiya, 'yata, ki riƙe shi da kyau, ba mu da wani."

Ta yi murmushin da bai kai ciki ba. Ta gyara hular robar da ta rufe mata kai, ta sake jan kowace igiya a jikin ubanta, ta sake ja, har ya ce mata ai ba gudu zai yi ba.

A wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba komai ya tafi daidai. Ta ce ya cire roba, ya cire, ya yi mata aaa ɗinta, kumfa ta fita, ya mayar. Ta sa ya maimaita har ya gaji. Ya saci kallon Kyaftin ya ga ko ya lura da irin wannan ɗalibi, amma fuskar Kyaftin ba ta nuna komai. Sannan ta yi alama suka gangara.

Abin da ya fara damunsa a ƙasa shi ne ƙara. Shi ya san teku shiru, sai ɗan ƙas-ƙas na kifaye masu gatsar murjani. Yau kowane numfashi sai ya ji kamar ana jan shisha a cikin kunnensa, kumfa tana tashi ɓul-ɓul, kifayen da ya saba wucewa ta tsakiyarsu suna darewa. Na biyu kuma, ya rasa abin da zai yi da lokaci. Duk rayuwarsa in ya sauka a gaggauce yake, ido a kan rami, ƙirji yana ƙirga masa saura. Yanzu ya kai inda ya saba juyawa, jikinsa ya ce masa tashi, sai ya tuna ba inda za shi. Ya ga wani ɗan kifi ja yana shiga yana fita a cikin wata ciyawa mai motsi, abin da ya wuce sau ba adadi bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Abin ya ba shi sha'awa, ya kuma ba shi haushi, ya rasa dalilin haushin.

Suka durƙusa a kan farin yashi, zurfin bai fi tsayin mutum huɗu ba, inda Ayid ke ɗauka wurin wasan yara ne. Galiya tana gabansa dab da shi, Kyaftin yana can gefe a rataye cikin ruwa, ya harɗe hannu a ƙirji. Ta nuna masa abin da zai yi, wanda suka riga suka yi a sama: ya cire robar, ya sake ta ta faɗa bayansa, ya karkata ya shato bututun da hannu ya mayar baki. Ta yi nata a hankali, siririyar kumfa tana fita daga leɓenta.

Ayid ya ja dogon numfashi, ya cika ƙirji tam yadda ya saba, ya cire robar ya jefa baya. Bakinsa ya rufe da kansa, bai ma san ya rufe ba. Ya kai hannu ya shato, ya kamo bututun agogo. Ya sake shi, ya kuma shatowa, ya kamo igiyar falmaran. Galiya tana nuna leɓenta da yatsa, tana nunawa, shi kuma ya ɗauka tana nufin ya yi sauri ya mayar da robar, ya gyaɗa mata kai alamar yana sane. Ya sake lalube bai samu ba.

Da wani baƙon ɗalibi ne, da nan zai firgita ya yi ihu, iskar ta fice da kanta. Ayid kuwa ko a jikinsa. Ƙirjinsa cike yake, sama ga ta nan kusa tana walƙiya, wannan ai ko rabin abin da ya saba bai kai ba. Ya yanke shawarar ya hau ya gyara bututun a sarari ya dawo, ba tare da ya ba 'yarsa kunya da lalube-lalube a gaban Kyaftin ba. Har wani ɗan daɗi ya ji, don ga abu ɗaya a yau da ya iya shi fiye da kowa a wurin. Ya taka yashi ya yunƙura sama, baki a rufe gam.

Ya ji an cafke ɗamararsa. Ya duba ya ga Galiya, ta saki iskar falmaranta tana jansa ƙasa da dukan nauyinta, ɗaya hannun yana miƙo masa robar agajinta. Ya ture hannun a hankali, yana so ya nuna mata ba ya buƙata, lafiyarsa ƙalau. Ya ƙara harba ƙafa. Yana da ƙarfi har yanzu, ya fara tafiya da ita. A lokacin ya ji wani abu da bai taɓa ji ba, ƙirjinsa yana cika alhali bai shaƙi komai ba, kamar ana hura shi daga ciki. Kansa ya ɗaure, kuma da kansa ya ɗaure sai ya ƙara datse baki.

Sai ta dunƙule hannu ta naushe shi a ƙasan haƙarƙari.

Iskar ta fice masa gaba ɗaya, kumfa ta rufe masa fuska. Kafin ya san inda yake ta cusa masa robar a baki ta danna, ya shaƙa, ya yi tari a ciki, ya sake shaƙa. Ta riƙe shi ƙirji da ƙirji, idonta a cikin nasa ta bayan gilashin nutso, ba ta ƙifta ba. Kyaftin ya riga ya iso, hannunsa a kan tukunyar Ayid ta baya. Haka suka hau a hankali su uku, tana nuna masa da hannu ya shaƙa, ya fitar, ya shaƙa, ya fitar.

A bakin ruwa Kyaftin ya zaunar da shi ya yi ta tambayoyi: ƙirji na ciwo, yana ganin jiri, hannu ya yi sanyi, ya tofa yawu a gani. Ya sa masa abin shaƙar asibiti ya ce ya zauna a inuwa kada ya motsa. Ayid ya amsa duka da kai. Bai dubi Galiya ba, ita ma ba ta dube shi ba.

Yana zaune ya rasa wanne zai ji a cikin abubuwan da suka taru masa. 'Yar da ya haifa ta ɗaga hannu ta doke shi, a gaban baƙo, abin da bai taɓa jin an yi a danginsu ba. Ya kamata ransa ya ɓaci, kuma ya ɓaci. Amma in ya fara fushin sai ya tuna yadda ƙirjinsa ya riƙa cika, ya tuna balan-balan, sai fushin ya mutu. In ya bar wannan kuma sai babban ya taso: ya zo ya gyara mata, ya ɓata. Wane mai shago ne zai ɗauki malamar da ɗalibinta ya tsere mata, ta kuma bi shi da naushi? Can gefen shago ya hango Kyaftin ya ja ta yana magana, yana dunƙule hannu yana girgiza kai, ita kuma kanta a ƙasa. Ya ga Marsa Alam ƙiri-ƙiri.

Ya cire abin shaƙar ya tashi, rigar roba a saɓule zuwa ƙugu, ya je ya tsaya a gabansu. Bai saba roƙo ba, maganar ta fito masa a karkace. Ya ce yarinyar ta faɗa masa, ta nuna masa, har balan-balan ta fasa, shi ne bai ji ba, in akwai wanda za a kora shi ne.

"Baffa Ayid, koma ka zauna, ban sallame ka ba," in ji Kyaftin. "Naushin nan babu shi a littafin kowa, na kuma gaya mata in ta yi wa baƙo haka sai mun kwana a ofishin 'yan sanda. Akwai yadda ake yi, zan nuna mata. Ranar Asabar za ta fara."

Ayid ya dube shi. Ya ce fara me.

"Aiki mana. Kai kana tsammani don sauƙinka na karɓe ka? Duk garin nan babu ɗalibi mai wuya irin tsohon mai kurme. Matsoraci yana ihu, iska ta fita. Ku kuwa ba ku tsoro, shi ne matsalar. So nake in ga in abin ya zo, ubanta za ta gani ko ɗalibinta. Da ta tsaya jin nauyinka, da yanzu muna hanyar asibitin Sharm da kai a kwance." Ya ɗauki tukunya ya saɓa a kafaɗa. "Ita da ta san abin a jikinta, ai ba za ta tsaya ba."

Ya shige shago ya bar su. Ayid ya ji daɗi ya sauko masa har ƙafa, za ta zauna, ba inda za ta. Amma maganar ƙarshen ta maƙale masa. Ya juya ya tambaye ta me Kyaftin yake nufi da ta san abin a jikinta.

Ta daɗe tana murza igiyar gilashinta. Sannan ta ce ya tuna shekarar da ta fara koyo, lokacin da ta aiko cewa za ta ɗan kwana biyu a wurin gwaggonta a Tur? Ya ce ya tuna, har ya yi faɗa don ba ta yi sallama ba. Ta ce ba Tur take ba. Asibiti take a Sharm, a cikin ɗakin ƙarfen da ake sa masu nutso in iska ta yi musu lahani. Roba ta kuɓuce mata, ta taso, malaminta bai kamo ta da wuri ba. Ta ce sai da ta yi kwanaki hannunta na hagu ba ya ɗaguwa, yayyenta suka haɗa baki da gwaggo aka ɓoye masa, don sun san in ya ji ba za ta sake shiga ruwa ba.

"Ba su gaya miki dokar ba?" ya ce. "Ba su ce kada ki rufe baki ba?"

"Sun gaya mini, Baba."

"To me ya sa kika rufe?"

Ta kai hannu ta shafa tsakiyar kanta, ta bisa hular roba, wataƙila ba ta ma san ta yi ba. Daidai wurin da yake ƙwanƙwasa mata da yatsa ne.

Ayid ya nemi benci ya zauna. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tsoro na abin da ya riga ya wuce, wanda ba yadda zai yi da shi. Ta durƙusa ta kamo hannunsa za ta sumbata, tana cewa ya yafe mata hannun da ta ɗaga. Ya janye hannun, ya ɗora shi a kanta, a wurin nan, ya bar shi a can.

Daga teburin shayi Atiya ya ɗaga murya yana tambaya wai me ya faru ne aka fito da sarkin kurme ana ba shi iska kamar mai haihuwa. Mutanen teburin duk suka juyo. Galiya ta ce a hankali su tafi gida, yau ba sauran shiga ruwa, sai an ga yadda ya kwana.

Ayid bai tashi ba. Ya gyara zama a kan bencin, a gaban Atiya da mai shayi da duk wanda ke wurin, ya ja numfashi, ya buɗe baki ya ce aaa. Teburin ya fashe da dariya, Atiya har da buga cinya. Bai ko waiwaye su ba.

"Haka ne, Malama?"

Ta goge ido da bayan hannu. "Ya yi yawa, Baba. Kaɗan-kaɗan, kada ta ƙare maka."

Ya sake jan numfashi, ya fara daga farko.